Ofis a kan katifa

Tun bayan kullen korona na 2020 fuskokin da nake gani a sashenmu na gashin ƙashi suka canza. A da dattawa ne da waɗanda suka yi haɗari. Yanzu har da matasa masu aiki daga gida, wuya a ƙage, kafaɗa na zogi.

Wata baiwar Allah ta zo mini da irin wannan ciwo, na ce, "Ƙanwata, nuna mini yadda kike zama." Ta hau gado ta tanƙwashe ƙafa, ta sunkuyar da kai kamar mai tsince shinkafa. Haka take wuni a kan katifa, kwamfuta a cinya. Da na tambaye ta lokacin tashinta daga aiki, sai idonta ya kawo ruwa. "Likita, ai babu. In an kawo wuta ƙarfe ɗayan dare sai na tashi. Oga kan turo saƙo bayan isha'i, mutanen gida kuma gani suke hutawa nake, kowace hidima ni ce." Ta ce takan yi kwanaki ba ta taka ƙofar gida ba.

Gyaran zama ba shi da wuya. A samu tebur da kujera mai majingina, a ɗora kwamfutar a kan littattafai har ta yi daidai da ido, a riƙa miƙewa duk rabin awa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Tattakin bayan la'asar ya wadatar.

Amma gashi ba ya maganin kaɗaici da rashin barci, kuma a nan nake da magana da shugabannin ma'aikatu. Hukumar nan da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya jawo mutuwar mutum 745,000 a 2016, ta bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Faransa tun 2017 ta bai wa ma'aikaci 'yancin ƙin amsa saƙon aiki bayan an tashi. Don Allah ku yanke lokacin tashi, ku ma ku kiyaye shi. Ku taimaka da kuɗin kujera da na data. Ku kira ma'aikaci ku tambayi lafiyarsa da ta iyali, ba rahoto kaɗai ba.

Ita dai na rubuta mata takarda ta kai wa ogan nata, na kuma haɗa ta da abokin aikina na sashen lafiyar ƙwaƙwalwa.