Agogon Mai Da Agogon Tafiya Na Tsohuwar Motarmu

Abin da zan kawo muku a wannan fitowa darasi ne da na koya a garejin wani bakanike cikin hutun da ya wuce. Ya shafi agogo biyu da ke gaban direba, watau wanda ke nuna yawan man da ya rage a tanki, da wanda ke ƙirga nisan tafiya. Direbobinmu da yawa sun ɗauke su ado ne kawai. In sun mutu sai a ce, ai mota tana tafiya. Mu ma haka muka ce a gidanmu, har sai da abin ya so ya shiga tsakanin mahaifina da yayana.

Motar tamu Fijo 504 ce, kuma ta girme ni nesa ba kusa ba. An fara ƙera irinta a Faransa a 1968, daga baya aka riƙa harhaɗa ta a masana'antar Fijo ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1975. Baba yakan ce tamu ta riga Jihar Jigawa zuwa duniya, don ita jihar sai a 1991 aka yanke ta daga Kano. Yayana ne ke tuƙa ta, yana ɗaukar fasinja da 'yan kaya tsakanin Dutse da Kiyawa, wani lokaci har Kano. Tun tuni allurar mai ta kwanta ba ta motsi, lambobin tafiya kuma suka tsaya cik. Da sanda ake auna mai, ko a jijjiga motar a kasa kunne.

Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 lita ta yi tsada, sai Baba ya fara ƙirga kowace kwabo. Ya ga kuɗin man da yake bayarwa ya fi ƙarfin abin da ake kawowa gida. Bai ce kome ba, amma fuska ta nuna. Rannan muna dawowa daga Kiyawa bayan magariba, da kakarmu a baya ba ta da lafiya, mai ya ƙare mana tun ba mu kai Shuwarin ba. Ni na ɗauki jarka na taka da ƙafa har na sami mai wajen 'yan bumburutu. Da muka iso gida Baba ya dubi Yaya ya ce, "Man da na saya jiya, ina ya shiga?" Yaya ya sunkuyar da kai bai amsa ba. Zato zunubi ne, amma wa zai raba gardama, alhali motar ba ta faɗin abin da ta sha, ba ta kuma faɗin inda ta je?

Washegari aka kai ta wajen wani dattijo mai gyaran wutar mota. Ya fara da agogon mai. Ya ce mini, "Ɗan makaranta, matso ka gani, ai karatunku ne." A cikin tanki akwai wata 'yar gora da ke yawo bisa mai, kamar gorar masunta a kan ruwa. An ɗaure ta a bakin wani siririn ƙarfe. In mai ya cika sai ta taso, in ya ragu ta sauka. Ɗaya bakin ƙarfen yana goga jikin wata waya da aka nannaɗe. Wurin da ya taɓa shi ke sa wutar batir ta wuce da yawa ko kaɗan, allurar da ke gaban direba kuma ƙarfin wutar nan take bi. Ashe dai allurar ba ta ganin mai ko kaɗan, labari kawai ake aiko mata ta waya.

Saboda haka laifin yana iya kasancewa a wuri huɗu: fis, ko wayar, ko agogon kansa, ko abin da ke cikin tanki. Mai hankali yakan fara da mai sauƙi. Ya duba fis ya ga lafiya lau. Sa'an nan ya cire wayar da ke saman tanki, ya sa Yaya ya murɗa makulli ba tare da ya ta da inji ba, ya ɗan taɓa bakin wayar a jikin ƙarfen mota. Nan take allurar da ta shekara da shekaru a kwance ta miƙe ta nufi wajen cike. Ya ce a wasu motocin ɗaya gefen take tafiya, abin lura dai shi ne ta motsa. In ta motsa, to agogo da waya ba su da laifi, ciwon yana tanki. Ba a barin wayar ta daɗe a jikin ƙarfen, don kada agogon ya ƙone.

A nan ne ya ɗaure fuska. Kafin ya buɗe tankin sai da ya cire kan batir, ya tura motar nesa da mai walda, ya kori wani da ke shan taba. Ya ce tankin da ya kusa ƙarewa ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur ne ke kama wuta, shi kuwa a wurin da babu mai yake taruwa. Wannan aiki ba na yaro ba ne shi kaɗai, kada wani ya karanta wannan ya je ya gwada a motar babansa.

Da ya zaro abin, ya girgiza 'yar gorar a kunnena, sai na ji mai yana ƙara a ciki. Ta huje, ta sha mai, ta nutse ƙasa, shi ya sa kullum take cewa babu kome. Ya ce da wayar nannaɗen ce ta cinye, da allurar tsalle za ta riƙa yi, ba kwanciya ba. Aka samo wata gorar daga jikin wata mushen mota, ya kankare tsatsar da ke inda abin yake haɗuwa da jikin tanki, ya sa sabuwar roba a bakin, ya mayar.

Agogon tafiya kuwa ba ruwansa da batir a irin waɗannan tsofaffin motoci. Wata doguwar waya ce mai lanƙwasa take tasowa daga giyabos, tana juyawa cikin kubenta gwargwadon yadda tayoyi ke juyawa. In ta iso bayan agogo sai ta yi aiki biyu. Tana juya wani maganaɗisu cikin ɗan kofi na alminiyom, kofin yana so ya bi shi, wani siririn sifirin yana riƙe shi, allurar gudu kuwa a jikin kofin take. Wani Bajamushe mai suna Otto Schulze ne ya yi rajistar wannan dabara a 1902. Aiki na biyu shi ne juya waɗansu 'yan haƙora da ke tura ƙafafun lambobi. Kowace ƙafa tana ɗauke da 0 zuwa 9, in ta zagaya sau ɗaya sai ta tura ta hagunta gaba da lamba guda. Lissafin goma-goma ne da muka yi a firamare, aka zuba shi cikin ƙarfe.

Wanda ya gane haka ya sami rabin gyara. In allurar gudu da lambobi duk sun mutu tare, a nemi laifin a doguwar wayar ko a ɗan haƙorin roba da ke giyabos. In kuwa allura tana aiki lambobi ne suka tsaya, to ciwon yana cikin agogon. Namu irin na biyun ne. Ya kwance agogon a kan farin ƙyalle, ya nuna mini wani haƙori da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ya tsage, sandarsa tana juyawa shi kuwa yana zaune. Wannan sai da aka aika Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, aka sayo tsohon agogo aka cire nasa. Yaya ya ce tun da an buɗe, a mai da lambobin baya mana. Dattijon ya ce, "A'a, ɗana. Wannan ha'inci ne ga wanda zai saye ta gobe." Ya bar su yadda ya same su, ya sa Baba ya rubuta lambar da ranar gyara a littafi.

To, ga inda darasin ya yi amfani. Aka cika tanki fal, aka rubuta lambar agogo. Baba da kansa ya shiga gaba, suka je Kano suka dawo, suka yi 'yan zirga-zirga. Agogo ya nuna kilomita 270. Aka koma gidan mai aka sake cikawa, ta sha lita 45. In ka raba 270 gida 45 za ka sami 6, watau kilomita 6 kacal kowace lita, kuma duk a gaban idon Baba. Ba wanda ya zuƙe mai, motar ce ke sha. Aka mai da ita gareji, aka tarar ƙurar hunturu ta toshe matatar iska, kafireta tana ba da mai fiye da kima, wani tiyo kuma yana ɗiga. Bayan gyara aka sake gwadawa: kilomita 252, lita 28, watau 9 ke nan. A tafiyar kilomita 270, lita 15 aka huta saye.

Abu ɗaya da ya ja mana kunne a kai shi ne tayoyi. Agogon juyin taya yake ƙirgawa, in aka sa wadda ta fi ta asali girma sai ya riƙa rage nisa. Ana iya gwada shi da taswirar wayar hannu. Haka kuma, wanda agogonsa na mil ne ya tuna mil ɗaya ya kai kilomita 1.6.

Baba bai iya dogon ban haƙuri ba. Ran da aka yi lissafin farko, bayan sallar isha'i ya kira Yaya zaure, ya miƙa masa makulli da littafin, ya ce, "Daga yau kai ne mai riƙe su." Ni kuma aka ba ni aikin rubuta lamba da lita duk ranar da aka sha mai. Lambar da muka same ta a tsaye ita ce a shafin farko, yanzu mun shiga shafi na huɗu.