Me Ya Sa Injin Ban Ruwa Ke Ƙin Ja?

A hutun da ya wuce Baba ya sayo injin ban ruwa mai inci 2 saboda lambun tumatirinmu na bakin rafi. Muka girke shi can saman gaɓa don gudun laka. Inji na ta ruri, amma ko ɗigo. Kwana uku muna zargin mai shago, tumatir na yaushi.

Sai na tuna abin da aka koya mana a aji. Inji iskar cikin tiyo kawai yake ragewa, nauyin iskar sarari ne ke danno ruwan ya hau. Wannan nauyin ba ya ɗaga ruwa sama da mita 10.3, a aikace ma da ƙyar ake wuce 7. Gaɓarmu kuwa ta kai mita 9 a tsaye.

Muka sauko da injin kusa da ruwa, muka cika cikinsa da ruwa kafin tayarwa, muka ɗaure mahaɗar tiyo da roba kada iska ta shiga, muka sa rariya a bakinsa. Nan take ruwa ya ɓalle, har tankin gida.

Ka riƙe wannan, ɗan'uwa: inji gwanin turawa ne, rago wajen ja. Ruwan sha kuwa, a tace a tafasa.