Dutsen Basile: Yadda Tsauni Ke Tatse Ruwan Girgije

'Yan uwa ɗalibai, wanda ya tashi tsakanin Jega, Aliero da Maiyama bai san tsauni ba, sai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da fadama. Shi ya sa darasin ruwan da tsauni ke jawowa yake ba mu wuya, mu haddace don jarrabawa, mu manta. Bari in gwada da misali ɗaya.

A tekun Gini, kimanin kilomita 32 daga gaɓar Kamaru, akwai tsibirin Bioko na ƙasar Ikwatoriyal Gini. Da ana ce masa Fernando Po. Nan ne "Panya" da 'yan Najeriya suka yi ta zuwa ƙodago a gonakin koko, har aka kwaso su a 1975 da 1976 saboda azabar mulkin Macias Nguema. Dutse mafi tsawo a tsibirin shi ne Pico Basile, mita 3,011, mai aman wuta, wanda ya yi amansa na ƙarshe a 1923. Birnin Malabo na gindinsa ta arewa, ga ƙauyen Basile a kan gangara, ga Rebola da Baney na ƙabilar Bubi. A ƙololuwa an kafa eriyar rediyo da talabijin.

To, ga darasin. Duk hawan mita 1,000, zafi na raguwa da kusan digiri 6.5. Ku buga lissafin: in Malabo na 28, saman dutsen bai kai 10 ba. Iskar kudu maso yamma na tasowa daga teku jiƙe da danshi. In ta ci karo da tsauni, dole ta hau. In ta hau ta yi sanyi. Iska mai sanyi kuwa ba ta iya riƙe danshi, sai ta zubar. Ƙauyen Ureka da ke kudancin tsibirin, inda iskar ke fara dukan duwatsun kudu, na samun ruwa sama da milimita 10,000 a shekara. Malabo, da ke bayan duwatsun, kusan 2,000. Tsibiri ɗaya fa, tsawonsa kilomita 70 kacal!

Abin da ya fi ba ni sha'awa, wannan iskar ce dai ke kawo mana damina. Kafin ta iso Kebbi wajen Mayu ko Yuni, ta ratsa ɗaruruwan kilomita tana zubarwa a hanya, ragowar muke samu, abin da bai kai milimita 1,000 ba.

Amma kada wani ya yi ƙyashi. Koko na son laima, albasa kuwa laima ce ajalinta. Ranin da muke kuka da shi, shi ke busar da albasar Aliero har ta jure ajiya da tafiyar tirela zuwa kudu. A kai ta Ureka a jibge, nan da nan za ta ruɓe.