Darasin Mako: Tuba da Hutun Gajiyayye a Koyarwar Kirista

Darasin wannan mako a kan tuba ne, yadda addinin Kirista ya koyar da ita. Kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnen kowa. Daga Larabci Hausa ta aro ta, asalin ma'anarta kuwa komawa. A Ibrananci ma, harshen da aka rubuta yawancin Tsohon Alkawari da shi, komawa kalmar take nufi. A shekarar 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Miller na Wusasa ya yi wa hidima shekara da shekaru. Yau idan ka bi ta cocin da ake wa'azi da Hausa a ƙauyukan Tudun Wada ko Doguwa, za ka ji ana cewa zunubi, tuba, gafara, kalmomin da duk muka taso da su a gida.

Mu ɗauki misali da hanya. Mutum ya taso daga Kano zai je Tudun Wada, ya zo Kwanar Dangora bai karya ba, ya miƙe hanyar Zariya. Ko ya yi tsaki, ko ya zagi kansa, ko ya yi hawaye, muddin motar tana gaba nisa yake ƙarawa. Sai ya tsaya ya juya. Baƙin cikin nan shi ne nadama, juyawar ita ce tuba.

Almajirai biyu na Yesu sun nuna bambancin a dare guda. Yahuza ya bashe shi a kan azurfa 30. Da ya ga an yanke wa Yesu hukunci sai nadama ta kama shi, har ya mayar da kuɗin, amma ya yanke ƙauna ya rataye kansa. Bitrus kuwa sau 3 ya yi musun ya san Yesu, yana jin ɗumi a bakin wuta, da zakara ya yi cara ya fita ya yi kuka mai zafi. Laifinsa ba ƙarami ba ne. Sai dai bai guje wa 'yan'uwansa ba. A Yahaya sura ta 21, bayan tashin Yesu daga matattu bisa bangaskiyar Kirista, ya gana da Bitrus a bakin teku, ga wuta ga kifi ga gurasa. Sau 3 ya tambaye shi ko yana ƙaunarsa, daidai da yawan musunsa, sannan ya danƙa masa kiwon tumakinsa, wato jama'ar masu bi. Bai ce masa je ka zauna a baya ba.

Akwai ɓangaren tuba da ba a cika son ji ba, wato mayar da kayan mutane. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, kuma duk wanda ya cuta zai biya shi ninki 4. Labarin yana Luka sura ta 19. A nan makaranta ba sai an yi dogon bayani ba. Wanda ya ɗauke littafin wani ya goge sunan, ko ya ƙulla wa wata sharri har aka yi mata bulala, bai gama ba don ya yi addu'a a kan gadonsa. Littafin ya koma hannun mai shi, wadda aka yi wa sharri kuma a wanke ta a gaban waɗanda suka ji. A ganinmu nan ne wuyar take, domin roƙon Allah a ɓoye ya fi duban idon ɗan ajinku sauƙi.

To, gajiyayye fa? Ba duk wanda ya zube ƙasa ne mai laifi ba, kuma Littafi Mai Tsarki ya raba su. Annabi Iliya bai yi sata ba, bai yi ƙarya ba. Sarauniya Yezebel ce ta aiko masa cewa za ta kashe shi, ya gudu har Biyasheba, ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Abin da ya biyo baya a 1 Sarakuna sura ta 19 ya cancanci a lura da shi. Ba a yi masa faɗa ba. Barci ya yi, mala'ika ya tashe shi ya ba shi waina da tulun ruwa, ya ci ya sha ya koma ya kwanta. Aka sake tashinsa, aka sake ba shi abinci, domin tafiyar da ke gabansa ta fi ƙarfinsa.

Muna da irin Iliya a ajujuwanmu: wanda ya yi shara a gona tun asuba kafin ya tako zuwa makaranta, da wadda ta faɗi jarrabawa sau biyu har ta fara cewa karatu ba rabonta ba ne. Muna roƙon malamanmu da shugabannin ɗalibai, kafin a ɗaga bulala a kan mai gyangyaɗi, a tambaye shi ko ya karya.

Da ƙarfin wannan abinci Iliya ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Dutsen Horeb. A can ne Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi, ya saurari ƙorafinsa har sau biyu. Iliya yana cewa shi kaɗai ya rage, sai aka sanar da shi akwai mutum 7,000 a Isra'ila da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Sannan aka umarce shi ya koma ta hanyar da ya zo, ya naɗa Elisha ya gaje shi.