Fitilar da za ta fito da tsohon kwabo a hoto

Da wuya a sami gidan da ba shi da wani gwangwani ko tsohuwar kwalla da aka zuba sulallan zamanin da: kwabo mai huji, anini, toro, sisi, sule, wani lokaci har da liyari irin wanda iyaye mata ke ratayawa a wuya. Ranar da aka tashi ɗaukar hotonsu, ko don a tura wa wanda ya san darajarsu ko don a adana wa jikoki, sai hoton ya fito baƙi ƙirin ko fari fat, ba rubutu ba shekara. Sai a ce wayar ce ba ta da kyau, alhali matsalar haske ce. Kwandala ƙarfe ce mai mayar da haske, tudun zanen da ke jikinta kuwa bai kai kaurin farce ba. 'Yar inuwar da tudun nan ke yi ita ce ke bayyana zanen, kuma inda aka ajiye fitila shi ke samar da inuwar ko ya kashe ta.

1. Ku sayi ƙananan fitilu biyu iri ɗaya. Kuɗin da za ku zuba a babbar fitila guda gara ku raba shi biyu. Fitilar tebur ta LED mai wat 3 zuwa 5 ta wadatar, domin abin da za a haska bai fi tafin hannun jariri ba. Fitila ɗaya takan haska rabin kwandala ta bar rabi cikin duhu, ta biyun ce ke cike giɓin. Su kasance na kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, don kada launin haskensu ya saɓa.

2. Wuyan fitila ya fi ƙarfinta muhimmanci. Ku nemi mai dogon wuya da ke lanƙwasuwa ya tsaya inda aka bar shi, mai ƙaramin kai da zai iya matsowa kusa da waya ba tare da ya shiga hoto ba. Ku ɗauki kwandalar tamkar fuskar agogo, ku sa fitila ɗaya a wajen ƙarfe 10, ɗayar a ƙarfe 2, dukansu daga sama suna leƙowa ƙasa. Daga nan ake farawa, amma kowace kwandala da abin da take so. Wadda ba ta sha hannu ba tana son haske daga can sama, kusa da kyamara, don ƙyallinta ya fito. Wadda ta goge kuwa, kamar aninin da ya shekara hamsin yana yawo a kasuwa, sai an kashe fitila ɗaya an kwantar da ɗayar ƙasa-ƙasa, hasken ya shafo fuskarta daga gefe. A nan ne za ku ga tauraro mai tsini shida da ke kewaye da hujin ya taso, rubutun Larabcin da kuka zaci ya shafe ya karantu, shekarar ma ta fito. Kuma shekarar nan ba abin wasa ba ce: aninin farko na 1907 da alminiyam aka buga shi, kafin a koma farin ƙarfe, daga baya kuma tagulla. Hoton da bai nuna shekara da launin ƙarfe ba, bai gaya wa masani komai ba.

3. Ku duba lambobi biyu a jikin kwalin fitilar. Ta farko tana ƙarewa da harafin K, ita ke faɗin launin haske. Mai 2700K ja-ja ne, zai mayar da sulen azurfa kamar zinariya. Mai 6500K, irin wanda ya cika fitilun caji masu araha, yana ɗaukar shuɗi, sai kwabon tagulla na 1973 mai hoton rijiyar mai ya fito kamar toka. Ku nemi 5000K ko kusa da haka. Ta biyu ana rubuta ta CRI ko Ra, tana nuna yadda fitila ke fito da launin abu na gaskiya, kuma cikarta 100. Yawancin ƙwayayen lantarki na gida 80 ne. Idan kun sami 90 ko fiye, ƙarin kuɗin ya cancanta, musamman ga tagulla, wadda bambancin janta da ruwan ƙasarta ke cikin abin da masu saye ke dubawa.

4. Ku kashe fitilar ɗaki ku saki labule. Haske iri biyu a kan kwandala ɗaya yana rikita waya, gefe ya yi rawaya gefe ya yi shuɗi.

5. Ku tausasa hasken, amma kada ku wuce gona da iri. Farin ƙyalle mai shara-shara ko falle ɗaya na farar takarda a gaban fitila yana kashe ɗigon nan mai kashe ido da ke fitowa a goshin sarki ko kumatun sarauniya. LED ba ta zafi sosai, duk da haka a bar 'yar tazara. Tsohon ƙwai mai zafi kuwa kada a kusanta masa takarda ko kaɗan. Idan aka ninka takardar da yawa inuwa za ta ɓace, azurfa ta koma kamar roba. In haske ya yi yawa, ja da fitilar baya ya fi: idan aka ninka nisa sau biyu, hasken na komawa kashi ɗaya cikin huɗu.

6. Filashin waya ba na wannan aiki ba ne. Fitilar zobe ta masu ɗaukar bidiyo ma ban ba da shawararta ba, domin tana zuba haske daidai daga kowane ɓangare, zane ya kwanta ba inuwa.

7. Akwai dabarar gilashi ga kwandala mai sheƙi kamar madubi ko wadda ta yi duhu. A cire gilashin firam ɗin hoto, a jingina shi a karkace digiri 45 tsakanin waya da kwandala, a haska fitila ɗaya daga gefe ta bugi gilashin. Hasken zai sauka a miƙe kan kwandalar. A sa baƙin ƙyalle a ɗaya gefen ya shanye wanda ya ratsa, a kuma kare kwandalar da ɗan kwali kada hasken fitilar ya same ta kai tsaye. Liyari na yin kyau ƙwarai ta wannan hanya. Kada dai 1780 da ke jikinsa ta ruɗe ku, domin duk waɗanda aka ci gaba da bugawa bayan rasuwar Mariya Teresa, sarauniyar da hotonta ke jikinsa, wannan shekarar suke ɗauke da ita. Ku ɗauki hoton bakinsa ma, akwai rubutu a can.

8. Kada ku wanke kwandala don ta yi kyau a hoto. Toka, lemun tsami, man goge ƙarfe, duk suna kankare fatar da shekaru suka yi mata, kuma ba ta dawowa. Masu tara sulalla suna gane wadda aka goge da kallo ɗaya, nan take farashinta ya faɗi. A riƙe ta ta baki, a shimfiɗa ta a kan baƙin ƙyalle marar ƙyalli, a ɗora waya a kan littattafai kyamarar na leƙowa, a sa ta ƙirga daƙiƙa uku kafin ta ɗauka don kada hannu ya girgiza ta.

9. Ku tafi kasuwa da kwandala guda a aljihu. Ku ce mai shago ya kunna fitilar, ku buɗe kyamarar waya ku saita ta. Idan kun ga layuka masu duhu suna gudu a fuskar wayar, fitilar na ƙyaftawa, kuma layukan za su fito a hoto. Dogon ƙwai na da yana yin haka, wasu LED masu araha ma haka. Mai aiki da batir ko wadda ake jonawa da USB ta fi tsayawa, ga shi ba ruwanta da ɗauke wuta, sai dai wasu kan fara ƙyaftawa idan an rage musu haske, don haka a gwada ta a kowane mataki. Sannan ku lanƙwasa wuyan ku sake shi ku gani ko zai tsaya. Idan ya sunkuya da kansa, ku ce a kawo wata.