Kafin Lauya Ya Yarda da Manhaja, Ya Karanta Takardar Bayaninta

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun shigo aikin lauya, kuma yanzu sun wuce amsa tambaya kawai. Akwai waɗanda za ka ba su umarni su shiga rumbun hukunce-hukunce da kansu, su tsamo shari'o'in baya, su rubuto maka hujja har da lambar shafi. Ni lauya ne mazaunin Inkil a Bauchi, kan hanyar Gombe, kuma ina amfani da wasunsu. Abin da na lura shi ne, abokan aikina suna tambayar kuɗin manhaja da saurinta, amma da wuya ka ga wanda ya buɗe takardar bayanin da kamfani ya rubuta a kanta. Alhali ita ce 'yar takardar nan ta cikin kwalin magani, inda ake faɗin abin da aka haɗa da wanda bai kamata ya sha ba.

Farkon abin da nake nema a ciki shi ne dokar wace ƙasa aka ɗura wa manhajar, kuma ta wane yanki. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a Bauchi. Kundin laifuffukan da Arewa ke bi daban yake da na Kudu, ga dokar laifuffuka ta Shari'ar Musulunci da jiha ta kafa a 2001, ga kotunan da alƙalansu ke komawa ga Mukhtasar Khalil da Tuhfatul Hukkam. Kamfanin da ya rubuta cewa manhajarsa ta san dokokin Najeriya, ya yi shiru daga nan, bai faɗa maka komai ba.

Kwanakin baya wani matashi ya shigo ofis da wayarsa a hannu, fuskarsa cike da murna. Mahaifinsu ya rasu ya bar gida da fili, shi kuma manhaja ta gaya masa mahaifiyarsu za ta ɗauki rabin dukiyar. Na ce masa tumunin takaba ne rabon matar da mijinta ya bar 'ya'ya, ya ce ai ga shi a rubuce da sassan doka. Muka buɗe takardar bayanin tare. Can ƙasa, cikin ƙananan haruffa, an rubuta cewa daga kotunan Amurka da Ingila aka tattaro bayanan. Har ga Allah kamfanin nan ya fita haƙƙi, tun da ya faɗa, ko da a ɓoye. Wanda na fi tsoro shi ne wanda bai faɗa ba sam.

Abu na biyu da nake nema shi ne ranar da aka sabunta rumbun manhajar. Dokar kamfanoni ta 2020 ta soke ta 1990, an kuma yi wa Dokar Shaida ta 2011 gyara a 2023. Manhajar da ba ta faɗi inda iliminta ya tsaya ba tana iya miƙo maka sokakken sashe, ka je ka karanta wa alƙali.

Takarda mai kyau kuma tana faɗin yawan kuskurenta. A 2023, a birnin New York, alƙali Kevin Castel ya ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 a shari'ar wani mutum mai suna Mata da kamfanin jiragen Avianca, saboda sun kafa hujja da shari'o'i shida da ChatGPT ta ƙirƙira, babu su a kowane kundi. Wani zai ce ai wannan manhajar kowa da kowa ce. To, a 2024 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada waɗanda aka gina musamman don lauyoyi, na Lexis da Westlaw, suka samu suna shirga kuskure a kashi 17 zuwa 33 cikin ɗari na amsoshinsu.

Ga yadda nake auna abin da takarda ta yi iƙirari. Nakan tambayi manhaja hukuncin da na sani sarai, kamar na Savannah Bank da Ajilo, wanda Kotun Ƙoli ta yanke a 1989 kan izinin gwamna a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, in gwada amsarta da kundin da ke kan kantata. Daga nan in ƙirƙiro sunan shari'ar da ba a taɓa yi ba. In ta ce ba ta samu ba, madalla. In ta zayyano mini hukunci har da sunayen alƙalai, mun rabu ke nan.

Saura sirrin mai ƙara. Dokar Kare Bayanai ta 2023 tana kanmu, don haka dole takarda ta faɗi inda ake ajiye abin da ka rubuta, da ko ana horar da manhaja da shi.

Ina kira ga Ƙungiyar Lauyoyi reshen Bauchi ta sanya wannan batu cikin bitar da ake yi wa sababbin lauyoyi. Ku kuma jama'a, duk amsar da waya ta ba ku kan gado ko fili, ku kai wa lauya ko malamin da ya san rabon gado ya duba kafin ku sa hannu a kowace takarda.