Kafin Ka Danƙa wa Waya Guminka

Ya ku 'ya'yana da jikokina na Shabu, maza da mata. Magana nake so mu yi a kan kuɗi da waya, domin a zamaninku abubuwan nan biyu sun zama ɗan juma da ɗan jummai. A da, manomi kan sayar da doyarsa ko riɗinsa, ya cusa kuɗin a lalita, ya kamo hanyar gida yana waige-waige. Yau sai dillali ya loda kaya a bakin titin Akwanga, ya latsa waya, manomi ya ji ƙara a aljihu, ciniki ya faɗa. Wannan ni'ima ce, kuma ban zo in raba ku da ita ba. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, har mai ƙosai da ɗan acaɓa sun iya karɓar tiransifa. Abin da ya rage mana shi ne iya zaɓe. Cikin manhajojin da suka cika waya, wacce ce ta isa a ba ta amanar gumin mutum?

Kafin ka dubi kyan manhaja ko kyautar da take rabawa, tambayi kanka abu guda: in abin ya lalace, wa zai biya ni? Duk wanda zai riƙe wa jama'a kuɗi a ƙasar nan, dole ya sami lasisi daga Babban Bankin Najeriya, CBN. Bayan lasisi kuma akwai hukumar NDIC, wadda ke tsaya wa masu ajiya in banki ya durƙushe. Kada ku ɗauka zance ne na takarda kawai. A ranar 3 ga Yunin 2024 CBN ya soke lasisin bankin Heritage, sai NDIC ta shiga biyan masu ajiya har naira miliyan 5 kowane mutum, kuma da lambar BVN ta riƙa gano asusunsu na wasu bankuna tana zuba musu. Wanda ajiyarsa ta haura haka, sai ya jira a sayar da kadarorin bankin. A ƙananan bankuna na masu ƙaramin ƙarfi kuwa, iyakar abin da hukumar ta lamunce naira miliyan 2 ne.

Darasi biyu ke cikin wannan. Na ɗaya, sunanka da ranar haihuwarka su zama iri ɗaya a BVN da NIN da takardun banki, don ranar neman hakki kada a ce ba kai ba ne. Na biyu, ka san irin lasisin manhajar da kake amfani da ita. Moniepoint da Kuda da lasisin ƙaramin banki suke aiki. OPay da PalmPay na hada-hadar kuɗi ta waya suka samu. MoMo na MTN da SmartCash na Airtel kuwa an yarje musu ajiya da turawa, amma ba su da izinin ba da bashi. CBN da NDIC duk suna da jerin sunayen waɗanda suka amince da su a shafukansu na intanet. Ku da kuka yi karatu, musamman ɗaliban tsangayar aikin gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa da ke nan Shabu, ku zauna da iyayenku da maƙwabtanku ku duba musu. Aikin minti kaɗan ne, ladansa kuwa mai yawa.

In ka tabbatar da lasisi, sai ka raba dukiyarka. Kuɗin cefane da na mota su zauna a manhajar da ta fi sauri a hannunka. Jari da kuɗin amfanin gona su kwanta a wani asusun dabam, wanda ba kullum kake taɓa shi ba. Amfanin haka a fili yake: ranar da sabis ɗin wannan ya tsaya kana tsakiyar kasuwa a Lafiya, wancan zai fitar da kai kunya. Sannan mai sana'ar da ya cakuɗa jari da kuɗin miya ba ya sanin ya ci uwar kuɗi sai ranar saro kaya. Wanda kuma ba shi da babbar waya kada ya ji an bar shi a baya, domin bankuna suna da lambobin da ake latsawa a ƙaramar waya ba tare da data ba.

Ku riƙa lura da 'yan cire-ciren nan. Akwai kuɗin turawa, akwai naira 50 ta gwamnati a kan abin da ya kai dubu 10, ga ladan mai POS, ga kuɗin saƙon tes. Ɗaya-ɗaya ba sa ciwo, amma a ƙarshen wata sai ka ga sun tashi kuɗin mudun shinkafa. Kowace manhajar kirki tana nuna tarihin shige da ficen kuɗinka. Ka ware rana guda a wata ka zauna ka bi shi layi-layi. A nan za ka ga nawa ya tafi a data, nawa a kati, nawa a biki. A ganina wannan shafin ya fi duk wata kwalliyar da ke cikin manhaja amfani, domin shi ne yake gaya wa mutum gaskiyar hannunsa.

Mu nan yawancinmu da kaka kuɗi ke shigo mana, buƙatu kuwa sai damina ta kawo jiki: taki, iri, maganin ciyawa, ladan 'yan ƙwadago, ga kuɗin makarantar yara. Saboda haka manhajar da za ta ba ka damar kulle wani kaso har zuwa ranar da ka sa da kanka, irin su PiggyVest da Cowrywise, tana iya yi maka rana. Sai dai ka karanta sharaɗin fasa kullen kafin ka shiga, ka kuma tambaya ko akwai kuɗin ruwa a ciki. Wanda yake gudun ruwa saboda addininsa yana da mafita: bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, kuma tun 2017 gwamnatin tarayya take fitar da takardun zuba jari na Sukuk. Ƙofofin nan a buɗe suke ga Musulmi da Kirista. Adashinmu na gado ma bai tsufa ba. In za a yi zubi ta waya, uwar adashi ta ware masa asusu na kansa, kowa kuma ya adana shaidar abin da ya tura, don zumunci ya ɗore.

Yanzu ga inda na fi jiye muku tsoro. Za a zo muku da manhaja a ce zuba dubu 50 ka kwashi dubu 100 nan da wata. MMM ta yi wa mutane alkawarin kashi 30 cikin 100 duk wata, a Disambar 2016 ta rufe asusun jama'a. CBEX ta yi alkawarin ninki cikin kwana 30, a Afrilun 2025 ta ɓace da dukiyar bayin Allah. Dabarar ɗaya ce: kuɗin na baya ake biyan na gaba da shi, ranar da sababbi suka daina shigowa, sai a wayi gari babu kowa. Ku manoma ne, kun san watannin da doya take yi a ƙasa kafin ta ba da riba. Wace gona ce ke ninka iri a wata guda? Mai karɓar kuɗin jama'a da sunan zuba jari dole ya yi rajista da hukumar SEC, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta haramta irin wannan harka ƙarara. In aka ce sai ka kawo mutum uku kafin ka ci riba, to da kai za a yanki 'yan'uwanka. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Haka manhajojin bashin gaggawa. Wasunsu kafin su ba ka sisi sai sun nemi izinin shiga lambobin da ke wayarka da hotunanka. Ranar da ka makara, sai surukinka da limaminku ko fastonku su sami saƙon cewa kai ɓarawo ne. Hukumar kare hakkin masu saye, FCCPC, tana da jerin waɗanda ta yi wa rajista. In larura ta kai ka, duba jerin, ka kuma tambayi jimillar abin da za ka biya da ranar biya. Bashin kwana bakwai don sayen sabuwar waya ko ɗinkin salla, mutuncinka ya fi shi tsada.

Lambar sirrinka kuwa taka ce kai kaɗai. Babu ma'aikacin bankin da zai kira ka ya nemi lambar sirri ko lambobin nan da ake turowa ta tes. Duk wanda ya nema, kashe wayar, ko da ya ambaci cikakken sunanka. Sa wa layinka makulli, don ɓarawon waya da layi yake kwashe asusu. In waya ta ɓace, a rufe asusu da layi nan take, kafin a shiga cigiya. 'Yan kasuwa kuma, kada ku saki kaya don an nuna muku hoton tiransifa ko don tes ya shigo; buɗe manhajarka ka ga kuɗin sun zauna. In an cire maka kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, kai ƙara bankinka a rubuce, ka karɓi lambar ƙorafi. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, CBN yana da sashen kare hakkin abokan hulɗar bankuna, yana kuma da reshe a Lafiya.

Abu na ƙarshe, wanda tsufa ke tuna wa mutum. Kuɗin waya ba ya da ƙara, ba ya da wari, magada ba sa tsintarsa a ƙarƙashin katifa. Ka rubuta sunayen wuraren da kake ajiya da lambobin asusun, ban da lambar sirri, ka ba wa amintacce guda cikin iyalinka, ka haɗa da bayanin bashin da kake bi da wanda ake bin ka. Rai na Allah ne, kuma hakkin marayu bai kamata ya maƙale a cikin wayar da babu mai iya buɗewa ba.

Ku bincika kafin ku zuba, ku tambayi wanda ya sani ba tare da jin kunya ba, ku kuma sanar da na ƙasa da ku. Allah Ya sa albarka a cikin nemanku, Ya tsare muku halalinku, Ya raba ku da sharrin macuta. Amin.